Ku Tambaya Mu Amsa: Maganin ɗan fursuna, wuyan gwamnati yake ko na ɗan kwangila?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tun da muka taɓo zancen lafiyar mutanen da ke tsare saƙonni ke ta shigowa, wasu tambaya ce wasu kuma faɗa ne zalla, to na tsamo waɗanda suka shafi kwangila, wato yadda gwamnati ke fitar da kuɗin jama'a ta ɗauko kamfani ko asibiti ya kula da lafiyar 'yan gidan yari. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam dan Allah a taimaka min da bayani. Yayana na tsare yana jiran shari'a, yana da ciwon suga, kuma duk wata mu ke sayen allurarsa mu kai, wani lokacin ma a bakin get za a ce mu dawo gobe. Kwanaki wani ya ce min ai akwai kamfanin da aka ba kwangilar magani ana biyansa, da na tambaya sai ma'aikata suka ce su ba ruwansu laifin kamfani ne, shi kuma kamfanin ban ma san inda zan gan shi ba. To ni wa zan riƙe? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya ba shi lafiya, ya kuma kawo ƙarshen wannan zaman. Gwamnati za ki riƙe, kar kowa ya juya miki kai. Ita ta kulle shi, ita ta hana shi fita ya nemi likitan da yake so ko ya shiga kemis da ƙafarsa, to tun daga ranar da aka turo ƙofa lafiyarsa ta hau wuyanta. Ba da kwangila hanya ce kawai ta yin aikin, ba ta sauke mata nauyin.

Kuma ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A watan Disamban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 122 na yadda za a riƙe fursunoni, su ake kira Ƙa'idojin Nelson Mandela, gyaran fuska ne aka yi wa tsofaffin ƙa'idoji na 1955. Ta 24 ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa kula da lafiyar fursuna haƙƙi ne a kan gwamnati, a ba shi irin kulawar da na waje ke samu, kuma kyauta, ba tare da duba ko an yanke masa hukunci ko yana jira ba. Ko a Amurka da ta fi kowa yawan kamfanonin lafiyar gidan yari, Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofar tun 1988 a shari'ar West da Atkins, wani fursuna ne a jihar North Carolina jijiyar agararsa ta tsinke, likitan ƙashin da ya duba shi kuma ba cikakken ma'aikacin gwamnati ba ne kwantiragi yake yi, kotu ta ce wannan bai wanke jihar ba, ba da aikin ga wani bai cire mata wajibin da tsarin mulki ya ɗora mata ba.

Abin da zan ce ki yi, ki daina tambaya da fatar baki. Ki rubuta takarda zuwa ga shugaban gidan, ki sa sunan ciwon da sunan allurar da ranakun da aka mayar da ku, ki haɗa da kwafin katin asibitinsa da rasit ɗin duk abin da kuka saya, ki sa a buga miki sitam a kwafinki. Ki ba lauyansa ɗaya ya ambata a gaban alƙali ranar zama, domin maganar da ta shiga fayil ɗin kotu ba ta ɓacewa da sauƙi. Ki kai ɗaya hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Ƙa'ida ta 56 ta ba lauya damar kai koke a madadin fursuna, in shi da lauyan duk ba su samu hali ba ɗan'uwa ma na iya kaiwa. Amma dan Allah kafin a samu amsa kar ku fasa kai allurar, mai suga ba ya jiran fayil.

TAMBAYA: Gaskiya Malam ni ban gane wannan tausayin ba. Mu da ba mu saci ko allura ba muna layi a asibiti ba magani, sai a ɗebi harajinmu a ba kamfani ya je ya yi jinyar ɓarayi da masu kisa? Wani matashi.

AMSA: Ƙanina na ji zafin maganarka kuma layin da kake bi ba ƙarya ba ne, haƙƙinka ne ake tauyewa. Amma ka tsaya mu duba su wa ke ciki. Mutum sama da miliyan 11 ne ke tsare a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba a ma yanke musu hukunci ba, a wasu ƙasashen masu jiran shari'a sun fi rabi nesa ba kusa ba. Wanda aka yanke wa ɗin ma alƙali shekaru ya ba shi, bai rubuta masa tarin fuka ko makanta ba.

Akwai wani mutum Dudley Lee a Afirka ta Kudu, an tsare shi a gidan yarin Pollsmoor da ke Cape Town daga 1999 zuwa 2004 yana jiran shari'a, bai shiga da tibi ba, wato tarin fuka, a ciki ya kwashe shi, ƙarshe kotu ta sallame shi ba ta same shi da laifi ba. A 2012 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta ce hukuma ce ke da alhakin ciwon nasa saboda sakacinta. Wannan a wane layi za ka sa shi, na ɓarayi?

Sannan ko son kanka kawai kake yi wannan kuɗin kai yake karewa. Tibi a gidajen yari ya ninka na waje kusan sau 10, ɗaki ne cunkushe ba iska, mutum ɗaya na tari talatin na shaƙa. Gandirobobi kullum suna shiga suna fita su koma cikin iyalinsu, masu ziyara na zuwa, kuma yawancin fursunoni wata rana za su fito. Wanda aka fara wa magani aka yanke a tsakiya saboda ɗan kwangila bai kawo ba, shi ne ke fitowa da tibin da ba ya jin magani, kai da shi za ku zauna a mota ɗaya. Abin da ya sa ke nan a 2003 taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Mosko ya fitar da sanarwa cewa lafiyar gidan yari ɓangare ce ta lafiyar al'umma, ba a raba su.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ma'aikaci ne a sashen ba da kwangiloli, an sa ni a kwamitin da zai duba takardun kamfanonin da ke neman aikin lafiya na wasu gidajen yari. Mu abin da muka sani shi ne a buga talla, a buɗe ambulan a gaban kowa, wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi araha a ba shi. Akwai abin da ya bambanta wannan da sauran kwangiloli ne?

AMSA: Malam na ji daɗin wannan tambayar fiye da duk sauran, domin a teburinku ake yanke wa mutane da yawa rayuwa ko mutuwa ba tare da kun taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai bambanci babba. In ka ba da kwangilar titi aka yi aikin banza kowa zai gani, masu mota za su yi ihu, 'yan jarida za su ɗauki hoto. Nan kuwa wanda ake yi wa aikin yana bayan katanga, ba waya, ba zai iya cewa wannan likitan bai yi min ba bari in canza wani ba, in ya yi ƙorafi ma wa zai yarda da shi. Wato dai kasuwa ce da mai saye daban, mai amfani daban, kuma mai amfanin ba shi da baki. To a irin wannan kasuwar araha ba ta ado.

Fara da yadda za a biya, nan ne komai yake. Tsarin da aka fi yi shi ne kuɗin kai, a ce kowane fursuna kaza ne a wata, ko an yi ciwo ko ba a yi ba kamfani zai karɓa. Gwamnati na son sa saboda ta san abin da za ta sa a kasafi tun farkon shekara. Amma ka lura da abin da ya haifar, duk ƙwayar maganin da aka ba mutum, duk gwajin jini, duk wanda aka ɗauka aka kai babban asibiti, daga ribar kamfani ake cirewa. Sai ka ga mutum ya yi sati uku yana tari yana rama, nas ta gan shi ta san hoton ƙirji da gwajin majina yake buƙata, ta cike fom, fom ya tafi hedkwatar kamfani neman amincewa, can wani da bai taɓa jin tarin ba ya rubuta a ci gaba da lura da shi, a ba shi farasitamol ya koma ɗaki cikin mutane. Ba wanda ya ce a kashe shi, kowa bin tsari yake yi, tsarin ne ya sa jinkiri ya zama riba. Ɗaya tsarin kuma shi ne kamfani ya kashe ya kawo rasit a biya shi a ɗora masa ladan aiki, wannan ba ya hana magani amma yana buɗe ƙofar aringizo, in ba ku da odita mai ido za ku biya kuɗin katan-katan na maganin da bai taɓa shiga sito ba. Ni a ganina a gauraya su, ayyukan yau da kullum a yi kuɗin kai, amma kwanciya a babban asibiti da tiyata da magunguna masu tsada a cire su a ajiye gefe, ko a ce in sun wuce adadi kaza gwamnati da kamfani su raba, yadda likita ba zai riƙa tunanin aljihun ubangidansa ba kafin ya tura mutum asibiti. Maganin tibi da na ƙanjamau kuwa a jona su da shirin ƙasa da ke raba su, ba dalilin da zai sa a ba ɗan kwangila ya sayo abin da ma'aikatar lafiya ke da shi.

Sai ma'aikata, wanda shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin irin wannan aikin. Kamfanin da ya karya farashi don ya ci kwangila a nan yake fanshewa, takarda ta ce nas biyu da dare, shi ya bar ɗaya ko ma ba kowa ya soke albashin a aljihu. Ku rubuta ƙarara cewa duk awar da gurbi ya zauna ba mutum za a zaftare kuɗinta har da ƙari. Kuma tarar ta fi abin da zai samu in ya karya sharaɗin, in ba haka ba zai yi lissafi ya ga biyan tara ya fi ɗaukar likita sauƙi, ya riƙa biya yana murmushi.

Ka dubi jihar Arizona a Amurka. A 2012 ta miƙa lafiyar gidajen yarinta ga kamfanin Wexford, 2013 aka koma Corizon, 2019 Centurion, 2022 NaphCare, kamfani huɗu cikin shekara 10. A 2018 kotu ta ci jihar tarar dala miliyan 1.4 saboda ta kasa cika alƙawuran gyaran da ta ɗauka, a 2022 kuma mai shari'a Roslyn Silver ta yanke cewa kulawar ta saɓa wa tsarin mulki. Ka ga ana ta canza kamfani ciwon na nan, kuma jihar aka ci tara, ita aka kama. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ma ya yi bincike a 2020 kan gidaje sama da 500 na tsare mutane a Amurka, ya gano cewa daga 2016 zuwa 2018 waɗanda manyan kamfanoni biyar ke riƙe da lafiyarsu yawan mace-macensu ya ɗara na waɗanda hukuma ke riƙewa da kashi 18 zuwa 58 cikin 100, ya danganta da kamfanin.

Saboda haka tun kafin talla ku je ku ƙirga mutanen da ke ciki da gaske, ba adadin da aka gina gidan dominsa ba, in gidan mutum 500 ne yana ɗauke da ninkin haka kuka yi kwangila kan 500 to kun kashe aikin tun bai fara ba. Ku san tsofaffi nawa, masu taɓin hankali nawa, mata nawa, masu ciki da masu goyo nawa, su mata ma akwai Ƙa'idojin Bangkok na 2010 da suka yi bayanin buƙatunsu daban. Wajen ba da maki inganci ya fi farashi nauyi, kuma ku faɗi hakan a takardar talla tun farko don kar a ce kun yi cuwa-cuwa daga baya. Wanda ya kawo farashin da hankali ba zai ɗauka ba ku kira shi ya warware muku dalla-dalla ta ina zai biya albashi ya sayi magani, dokokin sayen kaya da yawa sun ba ku damar watsar da irin wannan tayin in bayaninsa bai gamsar ba. A kwamitin naku kuma lallai a samu likita ko nas da ta taɓa aiki a gidan yari, akawu da lauya kaɗai ba za su gane ƙaryar da ke cikin jadawalin ma'aikata ba.

Abu ɗaya kuma da ba a son faɗa, ita ma gwamnati ta riƙa biya a kan lokaci. Ɗan kwangilar da ya yi wata da watanni yana bin bashi ba zai iya zuwa ya shaƙe minista ba, fursuna zai huce a kai.

TAMBAYA: Ni nas ce ina aiki da wani kamfani a gidan yari. Sau da yawa zan ce a kai mutum asibiti sai oga mai kula da tsaro ya ce ƙarya yake yi so yake ya gudu, ko ba mota, ko ba masu rakiya. In na matsa kuma kamfani ya ce ina ɓata musu dangantaka da hukuma, ga kwangilarsu ta kusa ƙarewa suna son a sabunta. Ya zan yi?

AMSA: Sista Allah ya saka miki, kin tsaya a wuri mai wuya. Ƙa'ida ta 27 ta Mandela na bayanki, hukuncin da ya shafi jinya na ma'aikacin lafiya ne, wanda ba ma'aikacin lafiya ba ba shi da ikon sokewa ko yin biris da shi. Oga na da ikon cewa da ankwa za a tafi da shi ko mutum nawa za su raka shi, amma ko yana da ciwo ko ba shi da shi wannan naki ne da likita. Ki rubuta komai a fayil ɗin majinyacin, lokacin da kika gan shi, abin da kika auna, ƙarfe nawa kika nemi a fita da shi, wa ya hana kuma me ya ce, ki sanar da likitan da ke samanki a rubuce. In abin ya ci gaba akwai hukumar da ta ba ki lasisi da ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya.

Maganarki ta tona wani rami da masu rubuta kwangila ke tsallakewa. In hukumar gidan yari ce ke biyan kamfani, ita ke sabunta masa, kuma ita ke duba aikinsa, ta ina ma'aikacin kamfanin zai iya ja da ita? Dole mai sa ido ya zo daga waje, ya zo ba sanarwa, ya zo da dare, ya buɗe fayiloli da kansa ya zauna da fursunoni ba gandiroba a kansu. Kuma a riƙa ƙirga sau nawa aka fasa kai mutum asibiti saboda mota ko rakiya, a rubuta wannan a kan hukuma, kar a lafta wa nas.

TAMBAYA: To ba gara ma'aikatar lafiya ta karɓi abin gaba ɗaya ba a huta da 'yan kwangila? Wani ɗalibi.

AMSA: Ni ma can na fi karkata. Norway ta yi haka tun 1988, Faransa ta yi doka a 1994 ta miƙa aikin ga asibitocin gwamnati, Italiya 2008, Finland 2016. Amfaninsa likita ba ya ƙarƙashin mai makulli, kuma mutum in ya fito fayil ɗinsa da maganinsa na bin sa. Amma kar ka ɗauka kwangila ta ƙare ke nan. Ingila ta kammala miƙa wa hukumar lafiyarta NHS a 2006, kuma har yanzu tana buga tallar kwangila, asibitocin gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu duk suna nema. Abin da ya canza shi ne mai sayen ya san harkar lafiya, masu duba asibitoci na shiga su duba, kuma duk wanda ya mutu a tsare akwai ofishi mai zaman kansa da ke binciken mutuwar. In ma'aikatar lafiyar aka jibga mata aikin ba a biyo da kuɗinsa ba, to fursuna ne zai zama na ƙarshe a layinta.

TAMBAYA: Idan kamfanin ya karye a tsakiyar kwangila fa?

AMSA: Yana faruwa, kuma ga manya ma. Corizon ya rabu gida biyu, sabon kamfani YesCare ya tafi da kwangiloli, ɗayan mai suna Tehum aka bar masa basussuka da ƙararrakin fursunoni da iyalansu, ya kuma shigar da takardar karyewa a Fabrairun 2023. Wani kamfanin Amurka mai suna Wellpath shi ma ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Nuwamban 2024. Shi ya sa tun wajen tantancewa ake duba asusun kamfani da bashin da ke kansa, a sa shi ya kawo inshorar da za ta biya diyya ko da ya rushe, da takardar lamuni daga banki. A rubuta cewa fayilolin marasa lafiya mallakar gwamnati ne ba na kamfani ba, a wajabta masa ajiye maganin wasu watanni a sito a kowane lokaci, kuma gwamnati ta riƙe ikon shigowa nan take ta karɓi ma'aikatan ta ci gaba da biyansu albashi har a samu wanda zai gaji aikin.